Yadda na je Gombe ɗauko Yaya Ili na dawo babu shi

Tun da na dawo daga Gombe ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tare ni, a bakin famfo a tare ni, har wadda ba ma gaisawa sai da ta leƙo wai ta zo ganin ɗinki, alhali labari ta zo ji. Kowa tambayarsa ɗaya ce: ya na baro Yaya Ili, kuma me ya sa na dawo ni kaɗai? Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in taka kekena.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Iliyasu wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekara goma sha biyu ya ba ni. Ya bar Damagaram yana saurayi, ya yada zango a Gombe, ya buɗe rumfar gyaran keken ɗinki a Bolari, ya auri 'yar garin mai suna Mairo. Keken da nake ci da shi yau ma shi ya haɗa mini da hannunsa. Shekara huɗu ke nan ciwon mantuwa ya kama shi. Mu a nan ba mu san komai ba sai abin da waya ta kawo, ita kuwa Mairo ko yaushe aka kira ta amsarta "da sauƙi". Sai wani ɗan'uwanmu direba ya bi ta can ya dawo mana da labari. Wai ya tarar da ƙofar gida a garƙame da kwaɗo da rana tsaka, Yaya a ciki tare da wani tsoho Babarbare da wata Kirista, matar gida kuwa ta shiga gari tun safe. Kuma wai kowace Talata haka take yi.

Baffa Mamman, babbanmu da ya rage, ya tara dangi ya yanke magana: a je a ɗauko shi, in mutuwa ce ta same shi cikin 'yan'uwansa. Da aka zo kan wanda zai je, maza kowa ya tuna yana da gona. Ni aka nuna, don na fi kowa ɗaga murya a zaman nan. Ba zan ɓoye ba, ni ce na ce Mairo ta ci moriyar ganga za ta yar da kwaurenta.

Na tashi ranar Laraba da jaka ɗaya, da ƙullin alkaki da kilishi na tsaraba, da jawabin da zan yi wa Mairo wanda na haddace kamar karatun allo. Har Matamaye lafiya lau. A kan iyaka ne na fara jin kunya. Aka ce kowa ya fito da katinsa na shaida, na laluba ɗaurin zanina babu, sai na tuna don tsabar tattali na cusa shi a ƙasan jaka, jakar kuwa tana saman mota a ƙarƙashin buhunan albasa. Sai da aka kwance igiya aka sauke kayan mutane kaf. Direba yana gumi yana tambayata ko katin na zinariya ne da na yi masa irin wannan ajiya. Fasinjoji kuwa har da mai cewa a tafi a bar ni. Wadda ta tare mini faɗa ita ce matar da ke kusa da ni, Hajiya Binta, Bakanuwa mai fataucin turaren wuta. Ta ce duk wanda bai taɓa mantuwa ba ya ɗaga hannu. Babu wanda ya ɗaga, muka wuce.

Ita ce kuma ta hana ni kwana a tasha da muka isa Kano. Ta kai ni gidanta, ta ba ni ruwan wanka da tuwon shinkafa, ta cinye mini rabin alkaki ba tare da na yi tayi ba, ban kuma ji zafi ba. Da safe muna shan koko na kwashe labarin Mairo na gaya mata, har da ƙarin gishiri. Ta saurara, sai ta tambaye ni ko na taɓa jinyar mai irin wannan ciwo. Na ce ni na yi jinyar mahaifiyarmu wata takwas, ba a koya mini jinya. Ta ce, "Har ta rasu ta san ke ce?" Na ce ta sani mana. Hajiya Binta ta gyaɗa kai ta ƙara mini ƙosai.

Daga Kano muka bi ta Darazo da Dukku. Hanyar doguwa ce, mai zuwa ya riƙe ruwa. Taya ta fashe mana kafin Dukku, muka zauna a gindin bishiya muna shan nonon da matan Fulani suka kawo, wani saurayi yana ta kirana Momi yana yi mini bayani rabi Hausa rabi Ingilishi, ina cewa "haka ne" ban san abin da nake amincewa da shi ba. Da la'asar muka sauka a Bolari. Hayaniyar wurin ta fi ƙarfina, kowane mai keke napep yana jan jakata yana rantsuwa ya san Bagadaza, unguwar su Yaya, kamar tafin hannunsa. Wanda na zaɓa sai da ya zaga da ni layi uku. A ƙarshe na ce gidan Malam Ili mai gyaran keke, wata mai tuyar awara ta ce, "Gidan Bappa? Ga shi can mai ƙofa shuɗiya."

Mutanen Gombe haka suke, Hausarsu da yayyafin Fulatanci. Wa shi ne Hamma, ya ita ce Adda, duk dattijo Bappa ne. Burodinsu zaƙi gare shi da laushi kamar katifa, na yi ta kewar namu dogo mai ɓawo. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne katanga ɗaya ce tsakanin gidan Yaya da gidan Kiristoci, ranar Lahadi ana jin waƙarsu, su ma suna jin kiran sallarmu, kuma kwanon abinci yana tsallake katangar nan ta kowane ɓangare.

Mairo ce ta buɗe mini, da ɗan mabuɗi rataye a wuyanta. Kwaɗon nan na gan shi da idona, ta ciki yake. Amma ita da ƙyar na gane ta. Matar da na sani da jiki ta koma kamar a hure ta ta faɗi, idanunta sun zurma. Ta ce, "Goggon yara, sannu da hanya," ta karɓi jakata. Yaya yana zaune a tabarma a inuwar ɗaki, tsaf da shi, farar riga wankakkiya, an gyara masa gemu, gabansa kan keken ɗinki ne a warwatse. Na durƙusa na ce, "Yaya, ni ce Rakiya." Ya dube ni da fara'a irin ta mai rumfa, ya ce, "Sannu Hajiya. Allura yake karyawa ko zare yake tsinkawa?" Na shiga ɗaki na yi kukana. Zuciyata ta karye, amma maimakon in yi laushi sai haushin Mairo ya ƙaru, kamar ita ta ɓoye mini wana.

Kwana biyu ina kallo ina tara laifi. Na ga maƙwabta suna kawo kekunan da lafiyarsu lau, ya kwance ya ɗaura, wani lokaci ya bar su a kwance, da yamma wani tela ya zo ya haɗa a ɓoye. Na ce wasa ake da hankalin babba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na la'asar. Da rana ta yi sanyi sai Yaya ya miƙe ya ɗauki takalmansa, ya ce zai tafi Birni, unguwarmu ta Damagaram, Inna tana jiransa da fura. Inna kuwa, mahaifiyarmu, shekararta goma sha bakwai a ƙasa. Sai Mairo ta tare shi da murmushi ta ce bari a yi salla tukuna, ta zaunar da shi tana tambayarsa wai furar Inna da me da me take sa mata. Ya yi ta bayani har ya manta da takalman. Ni a ganina ƙarya ce aka naɗe ta da ladabi.

Ran Asabar Mairo ta shiga wanka, la'asar ta yi, Yaya ya ɗauki takalmi. Na ce yau gaskiya za ta yi halinta. Na kama hannunsa na ce masa, "Yaya, ka yi haƙuri, Inna ta rasu tun tuni. Kai da kanka ka sa ta a kabari."

Takalman suka faɗi. Ya yi salati, ya sake yi, ya dube ni ya ce, "Yaushe? Don me ba a aiko mini ba?" Sai ya fashe da kuka irin wanda ban ga ya yi ba ko a ranar da aka binne ta. Ya ja tabarma ya nufi ƙofa yana bugu, wai a buɗe, mutane za su zo gaisuwa. Mairo ta fito da ɗaurin ƙirji da kumfa a wuya, ta dube shi, ta dube ni, nan take ta gane.  Ta sa hijabi ta buɗe kwaɗon, ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙofar gida ya zauna yana hawaye. Ni kuwa na laɓe a zaure, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Wanda ya fara zuwa shi ne tsohon nan Babarbare da aka kai mana ƙararsa. Sunansa Baba Modu, rikici ne ya koro su daga Borno, matarsa ma irin wannan ciwon ne ya yi ajalinta. Yana dawowa daga masallaci ya tsaya ya tambayi Yaya lafiya. Yaya ya ce Innarsa ce ta rasu. Baba Modu ya cire takalmansa ya zauna a gefen tabarma, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya ce masa ya haƙuri. Wani mai wucewa da ba ɗan unguwar ba ya tsaya ya tambayi wa ya rasu, aka ce mahaifiyar Bappa. Ya ce yaushe? Ina jin Baba Modu ya ce, "Yau labari ya iso shi."

Kafin magariba tabarma ta zama uku. Masu shago, da telan nan, da limamin layin, kowa ya zo ya zauna ya yi wa Inna addu'a, matar da ba su taɓa gani ba. Yaya yana amsa gaisuwa, kukan yana raguwa. Mata kuma suka shigo ciki, har da ni ake yi wa ya haƙuri. Babu wadda ta harare ni, duk da layin gaba ɗaya ya san bakin wa ya jawo. Ban taɓa jin kunya da godiya sun haɗu mini wuri guda kamar ran nan ba.

Washegari ya manta da rasuwar, amma baƙin cikin bai manta da shi ba. Kwana biyu ba ya karɓar abinci, yana ta waige-waige kamar wanda ya yar da abu, barci kuwa babu, ita ma Mairo babu. Ranar Litinin maƙwabciyar nan Kirista ta leƙo. Mama Rifkatu ake ce mata, 'yar Kaltungo ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya. Ta same ni ina wanke-wanke, ta ja kujera ta zauna. Na zaci faɗa za ta yi mini, sai ta ce ita ma ta yi wa babanta haka har sau biyu kafin ta hankalta, duk da takardar da take da ita. Ta ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba sammu ba ne, ba kuma taɓin hankali ba, babu maganin da zai dawo da abin da ya tafi. Abin da ya rage shi ne a kula da shi, a kuma kula da mai kula da shi, don sau da yawa mai jinya ke riga majinyaci faɗuwa. Na ce to amma ƙarya fa? Ta ce in saurara da kyau, Mairo ba ta taɓa ce masa Inna tana da rai ba, tambayarsa kawai take yi. Kwaɗon kuwa, sau uku yana ficewa, na ƙarshe a bakin babban titi aka tsinto shi babu takalmi yana tambayar hanyar Birni.

Ita ce ta gaya mini asalin maganar Talata. Gida biyar ne a unguwar masu irin wannan majinyaci. Da ta ga matan suna ƙarewa a tsaye, sai ta tara su ta ce a garinsu in gona ta fi ƙarfin mutum gayya ake kira, wannan ma gona ce. Kowane gida aka ba shi rana guda a mako, sauran su zo su zauna da majinyacin daga hantsi zuwa bayan la'asar, mai jinya ta fita ta sha iska. Inda majinyacin namiji ne sai a haɗa da dattijo, shi ya sa Baba Modu yake zuwa. Ita ma Mairo ranar Laraba takan kai Yaya da kan kekensa wani gida, ta zauna da wata tsohuwa da ke kiran kowa da sunan 'yarta.

Duk da haka sai da na ce zan bi Mairo ran Talata, don zuciyar dangin miji ba ta mutuwa lokaci guda. Muka hau keke napep zuwa Tumfure, tafiya mai nisa, sababbin gidaje tsakanin gonakin masara. Ina ta zuba ido in ga kasuwar ko gidan bikin da ake zuwa. Muka shiga gidan ƙanwarta. An riga an shimfiɗa tabarma a ɗaki da matashi, an kori yara waje. Mairo ta gaisa a tsaye, ta kwanta da hijabinta, kafin ƙanwar ta kawo mini ruwa ta yi nisa. Azahar aka tashe ta ta yi salla ta koma. Na zauna ina kore mata ƙuda da mafici har la'asar. Yawon da muka tara dangi a kansa ke nan, na gan shi daga farko har ƙarshe.

Laraba da safe ta shigo ɗakin da aka sauke ni da jaka a hannu, ta ajiye a gabana. Kayan Yaya ne a ninke, da maganinsa, da kofin roba ja wanda ba ya shan ruwa sai a cikinsa. Ta zauna ta ce, "Goggon yara, tun ranar da kika sauka na san abin da ya kawo ki. Ɗan'uwanku ne, ba ni da ikon hana ku." Ta shiga lissafa mini yadda ake yi masa wanka ba tare da ya firgita ba, da cewa a rufe madubi don yana zaton baƙo ne ya shigo.  Da ta gama sai ta ce, "Abu ɗaya nake so in sani don hankalina ya kwanta. A can, wa zai karɓe ki ranar Talata?"

 Na bi fuskokin da suka zauna a zauren Baffa ɗaya bayan ɗaya a raina, masu gona da masu ciwon baya, ban sami ko guda ba. Jawabin da na haddace tun daga Damagaram na neme shi na rasa. Na jawo jakar na zuge, na fito da rigunan da hannuna na mayar da su cikin akwatinsa, na kai jan kofin gindin randa. Sannan na dawo na durƙusa a gaban Mairo na roƙe ta gafara, na gaya mata har maganar ganga da kwaure da na yi. A nan ne ta yi kuka, karo na farko tun zuwana.

Na ƙara mako uku. Na karɓi la'asar gaba ɗaya, Mairo ta samu ta riƙa miƙe ƙafa. Na koyi tambaya. Da Yaya ya ɗauki takalmi sai in ce, ni baƙuwa ce, ba ni labarin Innar nan taka. A haka na ji abubuwan da ban taɓa sani ba game da uwar da ta haife ni: cewa tana tsoron hawainiya, cewa ta taɓa sayar da 'yan kunnenta ta saya masa akwatin kayan aiki na farko. Har na taho bai kira sunana ba. Hajiya mai keke yake ce mini, kuma yana murna in ya gan ni, na karɓi wannan da hannu biyu.

Ranar tahowa Mama Rifkatu ta ɗaure mini gyaɗa, Baba Modu ya raka ni har bakin titi yana ce mini in gaida mutanen Damagaram, ai Borno da Damagaram duk abu ɗaya ne. Allah ya saka wa mutanen layin nan da alheri, ya ba su masu zama da su ranar da nasu ƙarfin ya ƙare. Hajiya Binta ma na biya na gaya mata na gane tambayarta, ta yi dariya ta cinye mini gyaɗar.

Da na iso, Baffa Mamman ya leƙa bayana ya ce ina yake? Na ce yana inda aka san kofin da yake sha. Ransa bai so ba, har yau gaisuwarmu a taƙaice take. To ga labarin nan duka, kuma da gangan na bi muku hanyar zango-zango, daga Matamaye har ƙofa mai shuɗin fenti, don kada wani ya ce bai san hanya ba. Bayan girbi zan koma in yi wata biyu, mota kuwa ba ni kaɗai take ɗauka ba. Mai zuwa ya sa katinsa a aljihu. Kada ya ɗauko wa Mairo nasiha, tana da ita har ta yi mata yawa, ya kai mata Talata ɗaya ta yi barci. In kuma la'asar ta yi, Yaya ya ɗauki takalmansa ya ce Inna tana jiransa, don Allah a zaunar da shi a tambaye shi me take sa wa furarta.